Filin Kwamfuta: Kafin A Yi Wa Tsohuwar Laftof Ritaya

Saƙonnin da suka shigo mini wannan watan kusan duk a kan Windows da Linux suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na datse wa wasu tsawo, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar Islamiyya. Ina da laftof HP Folio, Core i5, ram 4GB, 'yar Beljiyam da maigidana ya saya mini. Da ita nake buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Yanzu ta yi nauyi, kuma mai gyara ya ce Windows 10 ta ƙare, tawa ba ta ɗaukar Windows 11, sai dai in nemi wata. Ƙanena kuma ya ce a sa mata Linux. Mece ce ita, me zan ƙaru da shi in na koma? Daga Malama, Gangare, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Mai gyaran bai yi miki ƙarya ba, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutar ba za ta ƙi tashi ba, za ki ci gaba da buga jarrabawarki yadda kika saba. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da suke turowa duk wata, don haka duk kafar da ɓarayin intanet suka gano a buɗe za ta zauna. Sun ba da ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista kuma Windows ɗinsa mai lasisi ce, amma wannan jinkiri ne kawai. Kada ki ɗauki maganar facin nan da wasa. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganinsa. Waɗanda ba su sabunta ba su suka ɗanɗana kuɗarsu.

Windows 11 kuwa tana da zaɓe. Tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan in firosesar ta Intel ce, sai 'yar zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Gane zubin ba wuya, lambar da ke bin i5 za ki duba: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6. In Folio ɗinki 9470m ce, wadda aka fi gani a hannun mutane, to 'yar zubi na 3 ce, tun 2012. Akwai masu dabarar cusa wa irinta Windows 11 ta ƙarfi, tana kuma shiga, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin sabunta irin waɗannan ba. Zama da Windows kamar zaman gidan haya ne: ranar da mai gida ya ga dama zai miƙo notis, ko da ɗakin bai tsage ba.

Linux ita ma uwar manhaja ce, wato wadda ke tayar da kwamfuta, sauran manhajoji su hau kanta. Wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a Amurka tun 1983. Lasisinta ya yarje wa kowa ya yi amfani da ita, ya kwafa wa wani, ya buɗe ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara in ya iya. Shi ya sa take da iri-iri: Debian, Fedora, Ubuntu da wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a 2004, da Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu. Ke Mint za a sa miki. Kada ki bari ƙanenki ya sa miki Kali don ya ga samari na yayinta. Wannan ta masu gwajin tsaro ce, ba ta buga jarrabawa ba.

Yanzu maganar ƙaruwa. Kowa ka tambaya zai ce miki amfanin Linux shi ne kyauta ce. Ni wannan bai cika burge ni ba, domin mu faɗi gaskiya, mu nawa ne a garin nan muka taɓa cire kuɗi muka sayi lasisi? Wasu 'yan Beljiyam da lasisin Windows ɗinsu suke zuwa, amma Office ɗin da ke kai kusan kullum na fashi ne. Na san yadda ake yi, a shago nake wuni. Za a kai wa yaro laftof, ya yi mata fomatin, ya zuba Windows da Office, ya kashe Defender, mai gadin Windows, don kada ya cafke 'yar manhajar da zai fasa lasisi da ita, sannan ya toshe sabuntawa don kada mai ita ya dawo yana kukan data. A biya shi ladan aikinsa, kowa ya rabu da kowa lafiya. An fita da kwamfutar da ba mai gadi, ba faci, ga kuma wata baƙuwar manhaja a cikinta da babu wanda ya san me take yi da dare. Wannan halin shi Linux ke fitar da ke daga ciki. Mint 22 za ta riƙa samun facin tsaro har 2029, a kan wannan tsohuwar Folio, ba da satar hanya ba. Hukuncin aiki da manhajar fashi na bar muku, ku malamai. Abin da zan iya cewa shi ne masu Linux da bakinsu suka ce a kwafa a raba.

Sai filashi, wanda a wurin malamar makaranta ya fi komai. Kin san bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar miki gumaka masu 'yar kibiya a gindi, ki danna ki ga wayam. Don Windows aka rubuta shi, a Linux ba ya motsi. Sau da dama ana kawo mini filashin da mai shi ya riga ya fidda rai, in soka a kwamfutar Mint da ke kan teburina, sai ga fayilolin nan reras, a gefensu ga tarkacen bairos ɗin masu ƙarewa da .lnk da .vbs. In zaɓe su in goge, in miƙa wa mutum abinsa. Ki lura dai, in ba ki goge su ba, filashin zai iya kai cutar ga kwamfutar wani, ke ce kawai ba za ta kama ba.

Data ma za ki ga sauƙi, domin Mint ba ta sauke komai a bayan idonki. Wata 'yar garkuwa ce za ta fito a ƙasan allo ta sanar da ke akwai sabuntawa da girmanta, ke za ki ce yanzu ko sai an samu data mai arha da dare. Kuma tun da kina buga Hausa, a saitin kibod akwai tsarin Hausa na Nijeriya, ki ƙara shi ki samu ɓ da ɗ da ƙ ba tare da kwafowa daga wani wuri ba.

Nauyi kuwa zai ragu. Mint na tashi da ram 2GB, ta fi sakewa da 4GB, kuma samfurinta na Xfce ya fi sauran sauƙi. Amma ba za ta tayar da mataccen batir ba, kuma in kika buɗe shafuka ashirin a burauza, kowace uwar manhaja ce sai ta yi nishi. In akwai 'yan canji, a cire tsohon had-disk ɗin a sa SSD, wato ma'ajiyar da ta fi shi sauri, a ƙara ram zuwa 8GB. Kuɗin bai kama ƙafar na wata laftof ba, kuma za ki rantse sabuwa aka ba ki.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu a Bauchi Road, kwamfutoci uku. Muna katin biki da kalanda da bana da CorelDRAW, muna buga wa ɗalibai aiki, muna rajistar da ake ɗaukar hoton yatsa. Bairos ya ishe ni, kusan duk wata sai an yi fomatin. In juye su duka zuwa Linux? Daga mai shago, Bauchi Road.

AMSA: A'a, Alhaji, kada ka juye duka. Wadda ke ɗauke da CorelDRAW ko taɓa ta kada ka yi, da ita kake cin abinci.

CorelDRAW ba shi da samfurin Linux, haka Photoshop, haka AutoCAD. Za a ce maka ai akwai Inkscape da GIMP da Scribus, kuma gaskiya ne, manhajoji ne masu kyau, ni kaina da Inkscape na zana allon shagona. Inkscape ma yana buɗe fayil ɗin CorelDRAW, wato cdr. Sai dai yana buɗewa ne, ba ya ba ka tabbacin rubutu da launi za su zauna inda mai zanen ya ajiye su. Ranar da uwar amarya ta tsaya maka a ka tana jiran kati ɗari biyar, ɗaurin aure jibi, ba ranar gwaji ba ce. Ga shi kuma masu manyan injinan da kake kai wa aikin buga bana, cdr suka saba karɓa, yaran da za ka ɗauka aiki Corel suka koya. Haka ita ma ta hoton yatsa: manhajojin da hukumomi ke bayarwa don irin wannan rajista galibi na Windows ne, ka bar ta yadda take.

Ta ukun nake so ka ba ni. Ka sa mata Mint, ka ajiye ta a bakin ƙofa, ka kafa doka: duk filashin da ya shigo shagon nan, a nan za a soka shi, ba a wata ba. A nan za a buɗe aikin ɗalibi, a buga, a shiga shafukan makaranta da na biyan kuɗi, tun da Firefox da Chrome duk suna aiki. In akwai hoton da za a kai wa mai Corel, a kwashe shi zuwa filashin shago, shi kaɗai ke da izinin shiga sauran biyun. Ta filashin kwastoma yawancin cutar ke shigo maka, ka ga ka tare ta tun daga zaure. Sauran biyun kuma a bar Defender a kunne, a bar su su riƙa sabuntawa.

Ka gwada firintocinka kafin ka yanke hukunci. Na HP yawanci da an jona suke kamawa, domin kamfanin da kansa ke fitar da direbobinsu na Linux. Manyan injinan fotokwafi su ne sai an duba ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ka yi haƙuri da yaranka, don nan aikin yake. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya juya kwamfutoci wajen 15,000, sai ga shi a 2017 majalisar birnin ta ƙaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan an sha ƙorafi da jayayyar siyasa. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta sanar za ta juya nata kusan 30,000, kuma jandarmomin Faransa sun daɗe a kan Ubuntu. Inda aka bi a hankali aka koyar da ma'aikata, abin yana zama. Kai da kwamfuta ɗaya ka fara.

TAMBAYA: Ina ajin ƙarshe a Jami'ar Jos, ina tsakiyar rubuta firojet. Sufabaizana da Word yake gyara mini, kuma za mu yi lissafi da SPSS. Office ɗina kullum sai ya nuna jan layi wai a saka lasisi. In na koma Linux aikina zai buɗe? Daga ɗaliba, Unguwar Rogo.

AMSA: Zai buɗe, ƙanwata, amma ki bari sai kin kare firojet ɗin tukun. Mai babi na uku a hannu ba ya sauya uwar manhaja.

Abin da za ki yi yau shi ne ki sauke LibreOffice a kan Windows ɗin da kike da ita. Kyauta ne, tun 2010 wata gidauniya mai suna The Document Foundation ke kula da shi, kuma shi ne dai za ki tarar a cikin Mint. Writer na madadin Word, Calc na Excel, Impress na PowerPoint. Ki buɗe kwafin babinki a Writer ki gani da idonki. Gyaran da sufabaiza ya yi da jan rubutu da bayanansa na gefe za su fito. Inda ake samun tangarɗa shi ne tebura masu sarƙaƙiya da lambar shafi, wani lokaci sukan gusa. Wajen ajiyewa ki zaɓi docx, tsarin Word, don in kika tura masa odt, tsarin Writer, zai iya cewa aikinki ya lalace. In kuma bugawa za ki kai, ki mayar da shi PDF, babu shagon da zai hargitsa miki shi.

A Linux ba a zuwa da Times New Roman, amma akwai Liberation Serif da aka auna faɗin haruffansa daidai da shi, don haka shafukanki ba za su ƙaru ko su ragu ba. Ana kuma iya saka na Microsoft ɗin daga rumbun manhajoji in sashenku ya dage. Na lissafi akwai PSPP, yana buɗe fayilolin SPSS kai tsaye, yana yin irin gwaje-gwajen da firojet ɗin digirin farko ya saba nema. Wanda zai yi nisa a bincike kuwa ya koyi R, shi ma kyauta ne.

TAMBAYA: Ɗana, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wa ke biyan masu aikin Linux ɗin nan? Kuma in kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ai ɓarawo ma ya gani. Daga tsohon ma'aikaci, Bukuru.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Lallai ba banza ba ce, akwai masu biya, ba kai ba ne kawai. Manyan kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat suna biyan injiniyoyi albashi su yi aiki a kan Linux, domin kasuwancinsu a kanta yake tsaye. Red Hat bankuna da ma'aikatu yake sayar wa kulawa da gyara, kuma a 2019 IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34. Wayar Android da ke aljihunka zuciyar Linux ce a cikinta. Kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, tun Nuwamban 2017, duk Linux suke amfani da ita. Mint ita ce ta talakawa, da gudummawar masu amfani da ita da masu ɗaukar nauyi take tafiya.

Ɓarawo yana gani, haka ne, amma mai gadi ma yana gani. A watan Maris na 2024 an kama wata ƙofar sirri da wani ya shafe shekaru yana lallaɓawa har ya dasa a wata 'yar manhaja mai suna xz. Wani injiniya, Andres Freund, wanda abin mamaki a Microsoft yake aiki, shi ya lura shiga wata kwamfuta na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya tono ta, aka toshe kafin ta kai ga yawancin jama'a. Da a rufe rubutun yake, da iyakarsa ya yi tsaki ya wuce.

Abu ɗaya dai, Baba: wanda zai kira ka a waya ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka, wannan ba Linux ba Windows da za ta tare shi. Kashe wayar za ka yi.

TAMBAYA: Yaya zan gwada Linux ba tare da na rasa kayana ba? Mutane da dama ne suka turo wannan.

AMSA: Ku nemi filashi mai 8GB wanda babu komai a ciki, don za a share shi. Ku sauke Mint daga shafinta na asali, ta kusa 3GB, saboda haka a nemi inda data ke da arha ko a kwafa wurin wanda ya riga ya sauke. Da Rufus ko balenaEtcher ake rubuta ta a filashin. Kwafawa kawai ba ta yi. A kashe kwamfuta, a soka filashin, a kunna ana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, a zaɓi filashin daga jerin da zai fito.

Mint za ta tashi daga kan filashin ba tare da ta taɓa Windows ko fayil ko ɗaya ba. A nan za ku gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, firinta, ku buɗe takardunku. Za ta ɗan yi sanyin jiki saboda daga filashi take gudu, kada wannan ya ruɗe ku. In Wi-Fi ya ƙi, galibi katin Broadcom ne: a jona waya da kebul a ba kwamfutar intanet, a buɗe Driver Manager, zai nemo direban. In ba ta yi muku ba, ku zare filashin ku sake kunnawa, Windows na nan yadda kuka bar ta.

Wanda ya gamsu zai girka, ya fara kwashe hotuna da takardunsa zuwa wani wuri daban, ya buɗe su a can ya tabbatar sun kwafu. Ya cika batir, ko ya bari sai wuta ta zauna, don yankewa a tsakiyar rabon had-disk ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Wajen girkawa za a tambaye shi ko a share komai ko a ajiye Mint kusa da Windows. Sabon shiga ya zaɓi na biyun, ya ba ta aƙalla 30GB, duk sanda ya kunna kwamfutar za ta tambaye shi wacce yake so.